Fensir Kafin Filaya

Cikin hunturun bara ne, da sassafe, warin ƙonanniyar roba ya cika mana ɗakin girki. Ko da na duba, sai na tarar soket ɗin da ke jikin bango ya yi baƙi ƙirin, bakinsa ya narke ya lanƙwashe. Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, na aika a kira mai gyaran wutar unguwarmu, wani dattijo da kowa ke ce wa Injiniya. Ya iso, yaronsa na biye da shi riƙe da jakar kayan aiki. A zatona zai cire ƙonannen ne ya ɗaura sabo, a sallame shi ya kama gabansa. Sai na ga ya tsuguna, ya zaro guntun fensir daga bayan kunnensa, ya yagi gefen wani kwalin taliya.

"Malam, me da me ake jonawa a nan?"

Na ce masa hita ce ta ruwan wanka, da dutsen guga, sai murhun lantarki idan gas ya ƙare, dukkansu a kan ekstenshan guda. Ya ce a kawo su. Ya juya kowanne ya karanta 'yar takardar da ke manne a gindinsa: hita wat 1,500, dutsen guga 1,000, murhu 1,000. Ya haɗa ya samu 3,500, ya raba da 230. Sannan ya miƙo mini kwalin, yatsansa a kan amsar.

"Amfiya sha biyar da ɗoriya ke nan. Duba kan filogin nan, me aka rubuta?"

Na duba, 13 ne.

"To ka gani, kaya ne ya fi ƙarfin jaki. In na sa maka sabo na tafi, kafin sanyin nan ya wuce za ka sake nemana."

Da ya buɗe kan filogin sai ga fis ɗin ya daɗe da mutuwa, wani ya naɗe shi da silin waya don wuta ta ci gaba da wucewa. Wato mai gadin da aka ajiye domin ya tsinke wuta idan ta wuce kima, an ɗaure masa hannu tuntuni.

Tun daga ranar nake kallon wannan sana'a da wani ido. Maƙeri yana ganin ƙarfe ya yi ja, ya san lokacin duka ya yi. Marini yana ɗanɗana ruwan baba, ya san ko ya nuna. Shi kuwa mai gyaran wuta yana aiki ne da abin da ba shi da launi, ba shi da ƙamshi, kuma ba a gwada shi da hannu. Abin da yake da shi kawai alƙaluma biyu ne da mitarsa ke nuna masa. Daga waɗannan biyun yake fitar da wasu biyu, kuma da huɗun nan yake sanin abin da ke gudana cikin bango tamkar ya tsaga wayar ya leƙa.

Injiniya ya yi wa yaronsa bayanin da tankin ruwa, ina tsaye ina ji. Ya ce tankin da aka ɗora a kan dogon gini ruwansa ya fi turowa da ƙarfi a kan wanda ke ƙasa-ƙasa. Wannan ƙarfin turi shi ne boltej, ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke fita ta bakin tiyo a kowace daƙiƙa shi ne karan, ana auna shi da amfiya. Matsin tiyon, ko tsawonsa, ko dattin da ya toshe shi, duk abin da ke hana ruwan wucewa yadda yake so, shi ne turjiya, ana auna ta da om. Aikin da ruwan ke iya yi idan ya fito, shi ne ƙarfin aiki, wanda mu ke cewa cin wuta, ana auna shi da wat.

Ƙa'idojin biyu ne kacal. Ka raba bolt da amfiya, ka sami om. Ka ninka bolt da amfiya, ka sami wat. Ɗan aji shida na firamare zai iya wannan lissafi. Gwanintar tana wurin sanin inda za a auna, da yadda za a karanta amsar, da abin da amsar ke gargaɗi a kai.

Ya nuna mana a kan dutsen gugar. Ya sa aka mayar da wuta, ya saka allurai biyu na mitarsa a ramukan wani lafiyayyen soket, ta nuna 230. Sannan ya ɗauko wata mitar mai baki kamar na ƙaguwa, ya buɗe bakin ya kamo waya guda ɗaya tak. Ya ce wa yaron ya lura, in ya haɗa wayoyin biyu ya kama, mai zuwa da mai komawa za su kashe juna, mitar ta nuna sifili. Aka kunna dutsen guga, ta nuna 4.6. Ya rubuta 230, ya raba da 4.6, ya ce, "Om hamsin." Ya sake ninka 230 da 4.6, ya samu 1,058, kusa da abin da kamfani ya rubuta a jiki. "Dutsenka lafiyarsa ƙalau," in ji shi. Bai kwance ko noti ɗaya ba, amma ya san lafiyar wayar da ke naɗe can cikin ƙarfen.

Mutumin da ya gano ƙa'idar farko, Georg Simon Ohm, shi ma ɗan mai sana'ar hannu ne. An haife shi a garin Erlangen na ƙasar Jamus a 1789, mahaifinsa maƙerin makullai ne da ya koya wa kansa karatu, ya kuma koya wa 'ya'yansa lissafi a gida. Ohm yana malamin makarantar sakandare a birnin Kolon ya fara gwaje-gwajensa. Batirin zamanin, irin wanda Alessandro Volta ɗan Italiya ya ƙirƙiro a 1800, ba ya tsayawa wuri ɗaya, ƙarfinsa hawa da sauka yake yi, don haka awon ya ƙi daidaita. Sai Ohm ya koma ga wata dabara: ya haɗa ƙarafa iri biyu, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara, ya sami turi wanda ba ya canzawa. Ya riƙa sauya wayoyin tagulla masu tsawo daban-daban yana duba yadda allurar maganaɗisu ke karkata. A 1827 ya fitar da littafinsa. Manyan malaman ƙasarsa da yawa ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba, har ya bar aikinsa ya yi shekaru yana 'yan koyarwa nan da can. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar girma ta Copley, kuma bai hau kujerar farfesa a jami'ar Munik ba sai a 1852, saura shekara biyu ya rasu. A taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris a 1881 aka tabbatar da sunansa a kan ma'aunin turjiya, na Volta a kan ma'aunin turi, na André-Marie Ampère ɗan Faransa a kan ma'aunin karan. Wat kuma sunan James Watt ne, gwanin injin tururi ɗan Sikotland. Duk lokacin da wani yaro a bakin kasuwa ya ce "om hamsin", sunan ɗan maƙerin nan yake ambata.

Daɗin wannan lissafi shi ne yana warware abubuwan da muke gani kullum ba mu san dalilinsu ba. Ɗauki ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, fitila ta yi ja kamar garwashi, mutane na cewa "lo karan". A gaskiya turin ne ya faɗi. A ce ya sauko daga 230 zuwa 160. Dutsen gugar nan turjiyarsa tana nan a om 50, ba ta motsa ba. Raba 160 da 50, ka sami amfiya 3.2. Ninka 160 da 3.2, ka sami wat 512. Turi bai ragu da ko sulusi ba, amma zafin dutsen ya faɗi ƙasa da rabi. Dalili kuwa shi ne faɗuwar ta shiga lissafin sau biyu: turin ya ragu, karan ɗin da turin ke korawa shi ma ya ragu, sannan aka ninka su da juna. Shi ya sa mai guga zai yi ta dannawa, shadda ta ƙi kwanciya.

Juya lissafin kuma ka ga ɗaya fuskar. Taransifomar unguwa layuka uku take fitarwa. Tsakanin kowane layi da wayar komawa, wadda masu sana'ar ke kira nutural, akwai wajen bolt 230. Tsakanin layi da layi kuwa wajen 400 ne. Idan nutural ta tsinke, ko aka yi kuskuren haɗi a kan turke, gida na iya samun abin da ya doshi 400. Raba 400 da 50, amfiya 8. Ninka 400 da 8, wat 3,200. Abin da aka ƙera domin dubu ɗaya ya sha ninki uku. Wannan ita ce ranar da ake wayar gari a layi guda talabijin da caja da ƙwayayen fitila duk sun ƙone, kowa na cewa an kawo wuta mai ƙarfi.

Haka labarin kayan gwanjo da ake kawowa daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce. Butar lantarki mai wat 1,200 a can amfiya 10 take ja, turjiyarta om 12 ke nan. Ka jona ta a nan kan 230 ba tare da na'urar rage turi ba: 230 a raba da 12 ya haura amfiya 19, cin wutar ya wuce wat 4,400. Kusan ninki huɗu. Ba a jima ba sai hayaƙi. Mai lissafi tun kafin a zare ta daga leda zai juya gindinta ya karanta, ya ce a dakata.

Akwai ƙa'ida ta uku wadda ke fitowa daga cikin biyun nan, kuma ita ce ta fi shafar rayuka da dukiya. Tunda bolt daidai yake da amfiya sau om, to wat daidai yake da amfiya sau amfiya sau om. James Joule, wani Bature ɗan Ingila, ya tabbatar da haka wajen 1840 ta hanyar tsoma waya cikin ruwa yana auna ɗumin da ruwan ke yi. Ma'anarta ita ce, in karan ya ninka sau biyu, zafin da waya ke yi ya ninka sau huɗu; in ya ninka sau uku, zafi ya ninka sau tara.

Injiniya ya nuna mini wannan a bayan ƙonannen soket ɗina. Notin da ke riƙe da wayar ya saki, wayar tana taɓawa ne kawai da 'yan silalla. Ya ce irin wannan sakakken haɗi ko da turjiyarsa rabin om ce, ka lissafa: 15 sau 15 ya ba da 225, rabinsa 112 da ɗoriya. Wat ɗari da goma sha biyu, duk a wuri guda da bai kai faɗin farce ba. Ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narkar da dalma da shi yawanci bai wuce wat 30 zuwa 60 ba. Ashe kullum safiya muna da abin da ya fi shi zafi ninki biyu a ɓoye cikin bango, a jikin roba. Ruwa ba ya tsami banza. Duk sa'ad da gobara ta tashi a kasuwa cikin dare aka ce wutar lantarki ce, nakan tuna da rabin om ɗin nan.

Nan ne kuma ake gane dalilin da gwani ke taurin kai a kan kaurin waya. Wayar tagulla mai kaurin 1.5 turjiyarta wajen om 12 ce a kowace kilomita, mai 2.5 wajen om 7 da rabi. Shi ya sa ake ba fitilu ta farkon, a ba soket ta biyun, na'urar sanyaya ɗaki da murhu kuwa a ja musu wadda ta fi kauri. Alminiyam ya fi tagulla turjiya da fiye da rabi, saboda haka wayar da aka yi da alminiyam aka shafe ta da launin tagulla ba za ta ɗauki nauyin da ta gaske ke ɗauka ba. Mai gini yakan ga bambancin farashi ya ce a sayo mai sauƙin. Araha ba ta ado. Na ga Injiniya ya kankare bakin waya da wuƙa don ya ga ko cikinta ja ne ko fari, kafin ya yarda ta shiga bangon mutum.

Wannan ƙa'ida da ke cikin bangon ɗakin girkina, ita ce dai ke tafiyar da manyan turakun ƙarfe da muke gani sun ratsa daji. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda ta fara aiki a 1968, da Jebba da Shiroro, wutarsu takan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan layin bolt 330,000 kafin ta iso tasha irin ta Kumbotso a Kano. Daga nan a sauke ta zuwa 132,000, zuwa 33,000, zuwa 11,000, har ta iso taransifomar unguwa. Me ya sa ake wahalar ɗaga ta sannan a sauke? Yi lissafin a sauƙaƙe. Wat miliyan ɗari a kan bolt 230 na bukatar amfiya sama da 430,000. Babu wayar da za ta ɗauka. A kan bolt 330,000 kuwa amfiya wajen 300 ne kawai. Tunda zafi amfiya sau amfiya ne, asarar da za a yi a hanya ta ragu fiye da sau miliyan biyu. Da ba don haka ba, wutar Kainji a hanya za ta ƙare wajen ɗumama waya. Layin bolt 132,000 da aka ja daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, a kan wannan lissafi aka gina shi.

A yau babu inda gwanintar ke fitowa fili kamar wurin masu haɗa sola, sana'ar da ta bazu a garuruwanmu saboda Allah Ya hore mana rana. A nan turin ƙanƙane ne, don haka karan ɗin yake da yawa. Gidan da ke jan wat 1,200 daga batir mai bolt 12 yana jan amfiya 100 ne cur. In aka jera batura suka ba da 24, amfiya ta koma 50. In 48 ne, ta koma 25. Wayar da ke tsakanin batir da inbata, ko da turjiyarta kashi ɗaya cikin ɗari na om ce, a kan amfiya 100 tana cinye wat 100 ta mayar da shi zafi. A kan 25 kuwa wat shida da kwata kawai take ci. Shi ya sa za ka ga gwani ya sa waya mai kaurin yatsa, gajeriya, ya ɗaure bakinta tamau. Wanda bai iya ba sai ya sa siririya mai tsawo, wayar ta yi ta zafi, inbata ta yi ta kuka, mai gida ya ce an sayar masa da batir na jabu.

Batirin ma lissafi yake so. Wanda aka rubuta masa bolt 12 da amfiya 200 na awa, ninka su ka sami 2,400: wat dubu biyu da ɗari huɗu na tsawon awa guda. Irin mai ruwan nan na dalma, in ana son ya yi ƙarko, rabi ake sha a bar masa rabi, saura 1,200. Fankoki da fitilu da talabijin in sun haɗu sun kai wat 200, awa shida ke nan, kafin a cire ɗan abin da inbata ke ci. Mai gaskiya zai zauna da mai gida ya rubuta masa wannan tun kafin a sayi komai, don kada a yi zaton za a kwana da firji da dutsen guga a kan batir ɗaya. Haka yunit ɗin da muke saye a mita mai kati: wat dubu ne na awa guda. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, awa goma a rana, yunit 18 yake ci a wata. Sabon mai wat 9 bai kai yunit 3 ba.

Jikin ɗan Adam shi ma turjiya ne, kuma lissafin bai ƙyale shi ba. Busasshiyar fata takan kai om dubu ɗari. Jiƙaƙƙiya takan sauko wajen dubu ɗaya. Raba 230 da dubu ɗari, ka sami ɗan abin da zai fizge ka kawai. Raba 230 da dubu ɗaya, ka sami amfiya 0.23. Na'urar da ake sawa a gida don kare rai tana tsinke wuta ne tun a 0.03, ka ga wancan ya ninka ta fiye da sau bakwai. Wannan shi ne haɗarin tsoma yatsa a bokiti don jin ko ruwa ya yi zafi alhali hita na kunne, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Tsuntsu kuwa yana sauka a kan waya mai bolt dubu goma sha ɗaya ya tashi lafiya, domin ƙafafunsa biyu a kan waya ɗaya suke, babu bambancin turi a tsakaninsu da zai kora karan ta jikinsa.

Abin da ya ƙara mini ganin girman Injiniya shi ne ya san iyakar ƙa'idar da yake aiki da ita. Ya ce wa yaronsa kada ya ɗauka komai dutsen guga ne. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in ka lissafa yana ci, turjiyarsa ta doshi om 880. In ka auna shi a sanyaye sai ka samu ba ta fi kashi ɗaya cikin goma na hakan ba, domin turjiyar silin tana hawa ne idan ya yi zafi. Don haka ne ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi. Abubuwa masu mota a ciki, irin su firji da injin jan ruwa, a lokacin tashi sukan ja ninkin abin da suka saba ja sau da yawa, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa idan firji ya tashi. In kuma wuta ta yi ƙasa, dutsen guga hucewa kawai yake yi, amma motar firji takan kasa juyawa, ta yi ta jan karan har ta ƙone. Sannan a irin waɗannan kaya, bolt sau amfiya yakan fi ainihin wat ɗin da ake mora, shi ya sa janaretan da aka rubuta masa 2.5 ba a ɗora masa cikakken wat 2,500, sai wajen 2,000. Ya kuma ja masa kunne: ba a auna turjiya sai an kashe wuta an zare filogi, in ba haka ba mita ce za ta tafi, ko mai riƙe da ita.

Ranar dai bai bar gidana ba sai da ya raba kayan gida biyu. Ya ja wa murhu layinsa daban da waya mai kauri, ya sa sabon soket ya ɗaure notinsa sosai, ya mayar da fis na gaske mai lamba 13 cikin filogin. Ya ce 13 sau 230 bai cika 3,000 ba, in riƙe wannan adadi, kada abin da ke kan filogi ɗaya ya wuce shi. Kuɗin da ya karɓa bai kai darajar abin da ya kawar mana ba.

Muna da matasa da yawa da suka iya hawa tsani, suka iya feƙe waya da haɗa ta cikin sauri, kuma hannunsu na da kyau. Abin da nake roƙon iyayen gidansu da malaman makarantun koyon sana'a shi ne su haɗa musu da fensir. Rabawa ɗaya da ninkawa ɗaya ne, ba su fi ƙarfin kowa ba, amma su ne ke raba mai cinta da masani. Mu kuma masu ba da aiki, idan muka ga mai gyara ya tsaya tambaya da rubutu, kada mu ce yana ɓata mana lokaci. Wannan tsayawar ita ce aikin.

Da bazara ta shigo muka sa sola, wata rana inbatar ta fara kuka da dare. Na aika wa Injiniya, aka ce ya tafi wani aiki bayan gari, amma ya turo yaronsa. Yaron ya yi sallama, ya ajiye jakarsa, ya gaishe ni. Bai taɓa filaya ba, bai taɓa sukundireba ba. Ya kai hannu bayan kunnensa ya zaro guntun fensir.

"Baba, me da me ake kunnawa da dare?"